Iskar Haidurojin Daga Karan Gona: Ina Makiyayi da Ɗan Kasuwa Suka Tsaya?

*Daga filinmu na noma da kiwo. Mun rubuta shi ne don wanda shirin ya wuce shi yana kan hanya, da wanda yake son a sake karanta masa a ruga ko a rumfar kasuwa.*

Gaisuwa ga makiyaya a duk inda kuka sauka, da fatake da direbobi masu jiran layi a bakin iyaka, ko a Illela da Ƙonni, ko a Jibiya, Maigatari, Kamba da Gaya. Allah ya ba da sa'a, ya kai kowa gida lafiya.

Maganarmu ta yau a kan kara ce: karan dawa, karan gero, karan masara, da tattakar shinkafa. Masana a ƙasashe da dama suna ta gwajin yadda za a jiƙa irin waɗannan abubuwa, a bar ƙwayoyin halitta su ruɓar da su, a tara wata iska mai suna haidurojin wadda ake iya tuƙa mota da ita ko a kunna lantarki. A takardunsu, sunan da suke ba kara shi ne sharar gona. To, mu nan mun san kara ba shara ba ne. Shi ya sa ya kamata mu fahimci aikin da kanmu, tun kafin ranar da wani zai tsaya a bakin gona da babbar mota yana tambayar nawa ne dami.

Wace ce haidurojin?

Iska ce marar launi, marar wari, kuma duk cikin abubuwan da aka sani babu wanda ya kai ta rashin nauyi. Tana cikin ruwan da muke sha, tana cikin itace da ciyawa da sukari, sai dai a ɗaure take da wasu abubuwa, sai an yi aiki kafin a ware ta. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Cavendish, shi ya fara bayyana ta a matsayin iska mai zaman kanta a 1766.

Abin da ya sa ake zawarcinta biyu ne. Na farko, ƙarfi: kilo ɗaya na haidurojin yana ɗauke da kusan ninki uku na ƙarfin kilo ɗaya na fetur. Idan muka mayar da shi lita, kilo ɗaya ya yi kusan daidai da lita 4 na fetur, ko isansi kamar yadda ake cewa a tsallake. Na biyu, idan ta ƙone ba ta barin baƙin hayaƙi, ruwa take komawa. Kamfanin Toyota ya fitar da mota mai suna Mirai a 2014, wadda ke haɗa haidurojin da iskar da muke shaƙa ta samu lantarkin da take tafiya da shi, ruwa ne kawai ke ɗiga daga salansarta.

Kada a ɗauka sabon kaya ne. Duniya na samar da sama da tan miliyan 90 na haidurojin a kowace shekara, mafi yawansa daga iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa da gawayin kwal. Matatun mai na amfani da ita, haka ma kamfanonin taki. Buhun yuriya da kuke ɗorawa a mota, da haidurojin aka yi shi. Matsalar ita ce wannan tsohuwar hanya tana sakin hayaƙin kabon mai yawa, wanda ke ƙara ɗumamar duniya. Shi ne ake neman wata hanyar, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce ta ruɓar da kara.

Makiyayi ya riga ya san injin

Malam makiyayi, injin da masanan ke ƙoƙarin ƙerawa, kai kullum kana kora shi zuwa mashaya. Tumbin saniya ke nan.

Mutum ba zai iya cin kara ya ƙoshi ba, amma saniya tana ci ta yi nono. Ba don haƙoranta ba ne kawai. A cikin babban tumbinta akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa don yawa. Wurin yana da ɗumi, kusan digiri 39, yana da laima, kuma iskar waje ba ta shiga. Saniya ta tauna, ta haɗiye, ta dawo da shi ta yi tuƙa, ƙwayoyin nan kuma su far wa abincin. Suna warware zaren kara ya koma sukari, su cinye sukarin, su fitar da wani ruwa mai tsami. Wannan ruwan tsamin jikin saniya ke tsotsewa, shi ne ƙarfinta, shi ne kitsenta.

Wajen wannan aiki iska biyu ke fita: iskar kabon da haidurojin. Kun ji ko? Haidurojin ɗin da ake ta magana, a cikin kowace saniya ana yin ta dare da rana. Amma ba ta daɗewa. Akwai wata ƙungiyar ƙwayoyi ta biyu a tumbin, su abincinsu haidurojin ne. Da ta fito sai su cafke ta, su haɗa ta da kabon, su mayar da ita wata iska mai suna metan. Ita ce saniya ke fitarwa idan ta yi gyatsa. In gyatsar ta ƙi fita, kamar lokacin da dabba ta cika ciki da ɗanyen haki a farkon damina, sai ka ga gefen hagu ya kumbura kamar ganga. Kowane makiyayi ya ga wannan, ya kuma san haɗarinsa.

To, dabarar masana a taƙaice ita ce: a gina tumbi na ƙarfe, a bar ƙungiya ta farko ta yi aikinta, a hana ƙungiya ta biyu shiga, sai a tare haidurojin kafin a cinye ta.

Yadda ake yin aikin

Mataki na farko, a tausasa karan. Kara abu uku ne a haɗe. Biyu daga ciki zare ne da ke iya komawa sukari, kuma su ne fiye da rabin nauyin busasshen kara. Na ukun ana ce masa liginin, shi ne kamar sumuntin da ya riƙe zaren, shi ke sa kara ya tsaya ƙyam iska ba ta kayar da shi ba. Ƙwayoyin nan ba sa iya cin liginin. Don haka sai an niƙa karan, sannan a dafa shi da tururi mai zafi, ko a jiƙa shi da ruwan asid, ko da ruwa mai kaifi irin na kanwa. Uwargida da ke jefa kanwa a tukunyar wake don ya yi saurin nuna ta san wannan hikima. Haka ma mai kiwon da ke yayyafa wa tattaka ruwan yuriya ya rufe ta da leda na makonni don dabba ta fi jin daɗin ci. Wannan mataki na tausasawa yana cikin waɗanda suka fi cin kuɗi a aikin duka.

Mataki na biyu, a samo ma'aikata. Sau da yawa daga kashin shanu ake ɗebo su, ko daga laka ta ƙasan kududdufi. Amma a ciki ƙungiyoyin nan biyu a cakuɗe suke. Yaya za a raba su? Sai a tafasa. Masu cin haidurojin ba sa jure tafasa, mutuwa suke yi. Masu yin ta kuwa, musamman dangin da ake kira Clostridium, idan suka ji wuya sai su dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri su yi likimo, in wuri ya huce su farka. Makiyaya sun san wannan dangi ta wata fuska: ƙwayar da ke kawo ciwon harbin daji 'yar gidan ce, kuma wannan ɓawon ne ke sa ta yi shekaru a cikin ƙasa tana jiran dabba. Waɗanda ake sa wa aikin haidurojin wasu ne daban a cikin dangin, amma halin jure wuya ɗaya ne.

Mataki na uku, a zuba karan da ƙwayoyin a tanki, a rufe ruf, iska ba ta shiga. A riƙe ɗumin wajen digiri 35 zuwa 37, a bar ruwan da ɗan tsami kaɗan, kada ya yi yawa. Cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki sai kumfa ta fara tasowa, kamar yadda ƙullun waina ke tashi idan ya kwana. Ba a bukatar hasken rana, shi ya sa masana ke kiran hanyar da ruɓawar cikin duhu.

Mataki na huɗu, a tace. Iskar da ta taru gauraye take da kabon, sai an raba su, a busar da haidurojin, a matse ta cikin tukwane na musamman.

Inda gizo ke saƙa

Aikin yana yiwuwa, an gwada shi sau ba adadi a ɗakunan bincike. Amma ƙwayoyin nan ba don mu suke aiki ba, cikinsu suke yi wa. Idan aka kasa haidurojin da za a iya samu daga sukari kashi 12, iyakar abin da suke saki kashi 4 ne, wato sulusi. Wannan ma a takarda ne. A aikin gaske yawanci rabin haka ake samu, ko ƙasa. Sauran ƙarfin yana maƙale a ruwan tsamin da ya rage a tanki. Wani ɓangare na ruwan nan shi ne abin da ke sa man shanu wari idan ya daɗe ya lalace, don haka matan ruga za su gane warinsa tun daga nesa.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Ko da komai ya tafi daidai, kilo ɗaya na sukari ba zai ba da fiye da giram 44 na haidurojin ba. Ke nan kafin a samu kilo ɗaya, sai an cinye sukari kusan kilo 23, wanda zai fito daga busasshen kara wajen kilo 40. Tunda a aikace rabi ake samu, sai mu ce kilo 80 ko fiye. Saniya mai nauyin kilo 250 kuwa tana cin busasshen abinci kilo 6 da 'yan kai a rana. To ka raba. Kara kilo 80 cikon cikin saniya ne na kusan mako biyu. Mako biyu na saniya a watan bazara, a madadin abin da ya yi daidai da lita 4 na fetur. Kuma ba mu sa kuɗin niƙa da tafasa da tacewa ba.

Don a rage wannan asara, masana na ƙara tanki na biyu. Wasu su zuba ruwan tsamin ga masu yin metan, a samu gas na girki. Wasu su ba wa wasu ƙwayoyi masu aiki da hasken rana a cikin bututun gilashi, su ƙara tatso haidurojin. Hakan na ƙara riba, yana kuma ƙara kuɗin gini. Har yanzu wannan hanya tana matakin gwaji ne, ba ta zama kasuwa ba.

Ga masu jarka

Tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a ƙarshen watan Mayu na 2023, duk wanda ke harkar mai a bakin iyaka ya ga yadda lissafi ke juyewa cikin dare ɗaya. Wani zai ce, to ko haidurojin ce kayan gobe? A ji da kyau: ba kayan jarka ba ce. Kilo ɗaya nata, in ba a matse ba, yana cika wuri kamar durom 55 na lita ɗari biyu-biyu. Motar nan ta Toyota tana ajiye ta ne a matse kusan sau 300 fiye da iskar tayar ƙaramar mota. Tukunyar gas ta girki ba za ta ɗauki wannan ba, fashewa za ta yi. In kuma ana son ta zama ruwa, sai an sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri.

Tana da haɗari kuma. Ba ta da wari balle ka ji tana yoyo, tana kama wuta da ɗan tartsatsi, kuma harshen wutarta da kyar ake ganinsa da rana. A ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, ana haƙa rijiyar burtsatse a 1987 sai aka ci karo da haidurojin da ke fitowa da kanta daga ƙarƙashin ƙasa. Wani ya matso da taba a kunne, wuta ta tashi, aka toshe rijiyar. Sai a 2012 aka koma aka sa ta juya janareta, ƙauyen ya samu lantarki. Wannan ba daga kara ba ce, amma ya nuna abu biyu: iskar tana aiki, kuma ba ta son wasa.

Sannan a yi hattara da masu tallar wata 'yar na'ura da suke cewa in ka ɗaura wa mota ko babur, da ruwa za ka riƙa tafiya. Ƙarfin da ake kashewa wajen ware haidurojin daga ruwa ya fi wanda take mayarwa idan ta ƙone. Wanda ya saya, ya yi cinikin biri a sama.

Shara a can, abinci a nan

Me ya sa wasu ke kiran kara shara? Saboda a wurarensu haka yake. A jihar Fanjab ta Indiya, manomi na girbe shinkafa yana da 'yan makonni kawai kafin ya shuka alkama, sai ya banka wa tattakar wuta. Hayaƙin na turnuƙe sama har birnin Delhi a watannin Oktoba da Nuwamba. A can, duk wanda ya zo ya kwashe tattaka ya taimaka. A 2022 kamfanin Verbio ya buɗe wata masana'anta a gundumar Sangrur wadda aka gina don ta ci tattakar shinkafa wajen tan dubu 100 a shekara. A lura kuma, metan take fitarwa, ba haidurojin ba, don ita ce hanyar da ta riga ta kankama.

Mu fa? Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Katsina zuwa Sakkwato, kara yana da masu shi tun kafin a yanke shi. Karmami na tumaki ne. Harawar wake da ta gyaɗa ana ɗora su a kan rumfa ko bishiya, ana jiran bazara lokacin da kuɗinsu ke hawa. Da kara ake danga, da shi ake hura wuta, tokarsa ma tana shiga miya. Wanda aka bari a gona kuma ba a banza yake kwance ba: yana tare ƙasar da iska ke kwashewa, gara ta ci shi ta buɗe ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Binciken da aka yi a cibiyar Sadore kusa da Yamai ya nuna gonar gero da aka bar wa karanta ta fi wadda aka share tas ba da amfani.

Da can akwai amana tsakanin manomi da makiyayi: a saki gona bayan girbi, shanu su ci kara, su bar taki. Yau manoma da yawa na kwashe karan su kai gida ko kasuwa, ta yadda ranar da hukuma ta sanar da sakin gonaki, makiyayi kan tarar da fili fayau. Rigingimu da dama daga nan suke farawa. To ku auna, in masana'anta mai cin tan dubbai ta shigo wannan kasuwa, wa zai iya tayawa da ita? Manomi zai ji daɗin kuɗin shekarar farko. Bayan nan gona za ta rame, saniya za ta rame, kuma dillalin da ke loda shanu a Maigatari shi ma zai ji a aljihunsa.

Wannan ba ya nufin ba mu da sharar gaskiya. Akwai ruɓaɓɓen tumatir da albasa da ake zubarwa a bayan kasuwa, akwai abin da ake juyewa daga tumbin dabbobi a mahauta, akwai ɓawon rogo da tuƙar rake. Masu laushi da zaƙi a cikinsu ma sun fi kara sauƙin ruɓa. Ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bakin injina shi ma ba mai rububinsa sosai, ko da yake taurinsa ya sa ƙwayoyin ma ba sa son sa. In za a yi gwaji a ƙasashenmu, daga irin waɗannan ya dace a fara.

Saniya ta fara ci

Akwai hanyar da ba ta raba saniya da abincinta, kuma ta riga ta iso maƙwabta. A bar dabba ta ci karan, a tara kashinta, a dama da ruwa, a zuba a rufaffen rami na bulo da sumunti. Ƙungiyoyin ƙwayoyin nan biyu su yi aikinsu tare kamar a tumbi, metan ta taru a sama, a ja ta da bututu zuwa murhu ko fitila. Abin da ya fito ta ɗaya gefen taki ne mai kyau. Burkina Faso ta fara shirin ƙasa na gina irin waɗannan ramuka a 2009, an kuma gina dubbai a gidajen manoma. Cibiyar Songhai da ke Porto-Novo a Benin ta daɗe tana amfani da shi, kuma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta yi aiki a kansa.

Shi ma yana da sharaɗi. Yana son kashi sabo kullum, yana son ruwa kusan daidai da yawan kashin, yana son dabbobi su kwana wuri ɗaya. Don haka ya fi dacewa da mai turke, da mahauta, da karar shanu ta kasuwa, fiye da mai tafiya da garke daga mashaya zuwa mashaya.

Jama'a, in wata rana aka zo garinku da maganar sayen kara don yin makamashi, kada a yi saurin ƙi, kada kuma a yi saurin sa hannu. A zauna da manoma da ardo da sarkin kasuwa a yi tambaya. Tan nawa za a ɗiba a shekara, daga wane yanki? Me za a bar wa gona, me za a bar wa dabba? Takin da ya rage bayan aikin, zai dawo gonakinmu ko sayar mana za a yi? Wutar da za a samu, wa za ta haska? Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Nan za mu dakata. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya dukiya, ya sa a yi ciniki lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.